Yadda zaka yi doguwar tafiya da iyali a Ioniq 5 N ba tare da batir ya kunyata ka ba

Tambaya uku ce bana tsallake ta duk inda na faka motar nan, ko a bakin masallaci ranar Juma'a ko a wajen suna. Kilomita nawa take yi? Awa nawa take ɗauka a caji? Sai ta ukun wadda matasa ne ke yinta suna murmushi, wai da gaske ne tana barin motocin tsere a baya? Na gaji da amsawa a tsaye ana jirana a mota, shi yasa nace bari in zauna in rubuta a tsanake, ko wani mai niyyar saye ya amfana, musamman 'yan uwa da ke nan Turai da kuma waɗanda ke tunanin ɗora irinta a jirgin ruwa su kai gida.

Ni a kusa da Frankfurt nake a Jamus, ni da maman yara da yara uku, kuma motar ita ce Hyundai Ioniq 5 N, mai aiki da lantarki zalla. An fara nuna ta a bikin motoci na Goodwood ta Ingila a watan Yuli 2023, a Ulsan ta Koriya ta Kudu ake ƙera ta, kuma a 2024 ta ci kyautar motar gudu ta duniya. Harafin N ɗin nan daga Namyang ne, cibiyar binciken kamfanin a Koriya, da kuma filin tseren Nürburgring na nan Jamus inda suke wahalar da motocin kafin su fito da su. Toh wannan tarihi ne, mu koma kan abin da zai shafi aljihunka.

Fara da lissafin yunit, ka manta da lambar da ke kan takarda

Duk wanda ya taɓa sayen katin mita ya riga ya san rabin karatun nan. Yunit ɗaya da kake saya a mita shine kilowat-awa ɗaya, shi ake rubutawa kWh. Batirin motar nan yana ɗaukar yunit 84, amma wanda zaka iya taɓawa kusan 80 ne, sauran an ɓoye shi dan kare lafiyar batirin. Wannan 80 ɗin shine tankinka. Duk wani zance na nisan tafiya raba 80 ne da abin da kake sha a kilomita 100, babu wani siddabaru.

A takardar Turai an rubuta kilomita 448. A Amurka, inda gwajinsu ya fi tsauri, mil 221 suka bata, wato wajen kilomita 356. Mota ɗaya, lamba biyu, kaga tun daga nan ya kamata mutum ya sha jinin jikinsa. Ba ƙarya suka yi ba, gwaji ne da ake yi cikin yanayi mai daɗi, ba yara uku a baya, ba akwatuna, ba sanyin Janairu, ba wani ɗan Audi da ya manne maka a baya yana haska fitila.

Ga abin da ni nake gani a allon motata. Cikin gari da bazara, kai yara makaranta, zuwa aiki, kasuwa, tana shan yunit 18 zuwa 20 a kilomita 100, wato zan iya ganin kilomita 400 ko kusa da haka. A babbar hanya ina kan 120 zuwa 130 sai ta koma 26 zuwa 28, nan kuma kilomita 290 zuwa 300 ne daga cike har ƙarƙaf, kuma ba mai hankalin da zai kai ta ƙarƙaf. In shaiɗan ya zuga ni na riƙe 170 a inda babu iyakar gudu, wallahi yunit 40 take lashewa, ko kilomita 200 da ƙyar. Da hunturu kuwa ka cire kashi ɗaya cikin biyar daga duk kilomitocin nan, wani lokacin ma fiye.

Dalilin kuwa iska ce. Turjiyar iska bata ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi a kan kanta, daga 100 zuwa 140 ta kusa ninka biyu, daga 100 zuwa 200 ta ninka huɗu. Ita kuma motar nan ba siririya bace, ƙirar akwati gareta, ga faɗi, ga tayoyi inci 21 masu faɗin milimita 275 waɗanda aikinsu su manne da kwalta ba su yi maka tattali ba, ga nauyi sama da tan biyu. Mai motar fetur ma haka yake asara in yana gudu, kawai dai shi injinsa dama ɓarnar da yake yi tana da yawa shi yasa baya lura sosai.

Dan haka mataki na farko: ka canza allon ya dinga nuna maka yunit nawa kake sha a kilomita 100, kuma ka dinga kallon kason batir maimakon kilomitan da motar ke cewa sun rage. Wancan lambar hasashe ce, da tuƙin da ka yi jiya take lissafi. In ka wuni cikin gari sannan ka hau babbar hanya zaka ga tana zubewa kamar an huda buhu, hankalinka ya tashi a banza. A 130 ni lissafina kashi 1 na batir kilomita 3 ne, shikenan. Saura kashi 30, saura kilomita 90. Ko yaro zai iya.

Caji a gida shine asalin cajin

Mutane sun fi son jin labarin caja mai sauri, amma gaskiya kashi tara cikin goma na cajina a gida nake yi ina barci. Cajar da ke cikin motar tana karɓar kusan kilowat 11 in kana da wuta mai layi uku, kuma daga kusan ƙasa zuwa cike awa bakwai da rabi zuwa takwas ne. In layi ɗaya gareka mai amfiya 32, kilowat 7 da ɗan kai zaka samu, wajen awa 12. In kuwa soket ɗin bango ne na talakawa, irin na firiji, kilowat 2.3 ne, ka shirya awa 35 zuwa 40 kafin ta cika. Kar wannan ya tsorata ka. Waye ke ƙarar da tanki kullum? In kilomita 40 kake yi a rana yunit 8 ne, awa huɗu a soket ɗin bango ta mayar maka.

Abin da zaka yi shine ka shiga saitin caji ka sa iyaka a kashi 80, na gida daban na caja mai sauri daban, motar tana baka damar saita kowanne. Irin batirin nan mai sinadarin nikel da kobalt baya son ya daɗe a cike maƙil, kuma baya son ya kwana a ƙasa da kashi 10. Tsakiya yake so. Ka kai shi 100 in gobe akwai tafiya, kuma ka saita lokaci yadda zai cika dab da fitarku, ba ya cika tun magariba ya zauna har hantsi ba.

Sai abu ɗaya da mutane ke rainawa: ka kunna esi ko hita tun motar tana jone da waya. Ta manhajar Bluelink a wayarka zaka yi, minti goma sha biyar kafin ku fito. Wutar gida ce zata ɗumama motar ba batir ba, kuma maman yara bata shiga mota tana rawar ɗari tana harararka.

Caja mai sauri, nan ne motar ke wanke kanta

Nisan tafiyarta ba abin alfahari bane, wannan na yarda. Abin da ke cetonta saurin caji ne. Tsarin wutarta na bolt 800 ne, yawancin motocin lantarki kuwa 400 suke, kuma kamfanin yace daga kashi 10 zuwa 80 minti 18 ne a caja mai kilowat 350. Na gwada ba sau ɗaya ba, in komai ya daidaita 18 zuwa 20 ɗin nake gani. Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma su ne mutane basa cikawa sai su dawo suna cewa an yaudare su.

Na farko ka nemi caja mai 300 ko 350. Motar bata jan 350 ɗin, ni ban cika ganin ta wuce wajen 240 ba, amma in ka jona ta a mai 150 toh 150 zaka samu, a mai 50 kuwa ka nemi wajen zama dan sama da awa ɗaya ce. Nan Turai akwai Ionity mai tashoshin caji, wadda BMW da Ford da Daimler da rukunin Volkswagen suka kafa a 2017, Hyundai ta shiga daga baya, cajojinsu na manyan hanyoyi 350 ne. Akwai wasu kamfanonin da yawa. Cajojin da aka yi su dan motoci masu bolt 400 kuwa zasu yi mata caji amma a hankali, ko da an rubuta babbar lamba a jikinsu, dan sai motar ta ɗaga wutar da kanta.

Na biyu, kuma wannan shine wanda ya fi cin mutane: zafin batir. Batir mai sanyi baya karɓar wuta da sauri. Hunturun farko da na yi da motar na tsaya a wata caja mai 350 a kan hanya, sanyi ƙasa da sifiri, na jona ina ta cika baki wa wani abokina da ke tare dani cewa kafin ya gama shan shayi mun tashi, sai ga allo na nuna kilowat 70. Saba'in fa. Ya sha shayi ya ƙara, har ya fara tambayata ko dama haka take. Laifina ne, da taswirar waya na yi amfani. Abin yi shine ka sa cajar a matsayin inda zaka a taswirar motar ita kanta, sai ta gane cewa caji zaka yi, ta fara ɗumama batirin tun kuna hanya. Ka duba a saiti cewa an kunna wannan, kuma ka bata kamar minti 20 zuwa 30 kafin ka iso. Zata ci yunit kaɗan wajen ɗumamawar amma zata biya ka da lokaci.

Na uku ka iso da batir a ƙasa. Tsakanin kashi 10 zuwa 50 ko 55 ne take zuƙar wuta kamar rakumin da ya dawo daga sahara, daga nan sai ta fara ja baya, in ta wuce 80 kuwa sai a hankali. Daga 80 zuwa 100 zai iya cin lokacin da 10 zuwa 80 ya ci ko fiye. Kamar cika buhun gero ne, farko zuba kawai kake yi, in ya kusa baki sai ka dinga girgizawa kana dannawa. Dan haka tsayawa biyu gajeru sun fi tsayawa ɗaya doguwa.

Bari in baka misali da tafiyar da muke yi duk sallah zuwa Hamburg wajen 'yan uwa, kusan kilomita 490 ta hanyar A5 da A7. Muna fita da 100. Ina riƙe 125 zuwa 130. Akwai tuddai a wajen Kassel, hawa da gangara, suna cin wuta a hawan amma ana maido wani abu a gangaren, kar ka firgita in kaga kaso na sauka da sauri a nan. Wajen Göttingen, mun yi kamar 230 zuwa 240, batir yana wajen kashi 15 zuwa 20, sai mu tsaya. Kafin a kai yara bayi, a sayi abin taɓawa, a yi alwala a yi sallah, mota ta kai 80, sau da yawa ma ita ke jiranmu. Daga nan Hamburg ta rage kamar 260, kuma kashi 70 na batir a wannan gudun kilomita 200 ne da 'yan kai, bazai kai ba. Maimakon in zauna jiran 100 sai in wuce, bayan Hannover in ƙara tsayawa minti takwas zuwa goma, mu shiga gari da ragowar da zata ishe mu yawon gaishe-gaishe. Duka cajin bai kai rabin awa ba a tafiyar da dama da yara dole ka tsaya.

Na taɓa gwada yin ta da wuta, duk inda aka sake hanya in taka 180. A lissafin takarda ya kamata in riga isa, a zahiri kuwa ga gyaran hanya, ga manyan motoci na wuce juna, ga wuraren da aka ƙayyade gudu, sai ka taka ka taka birki ka sake takawa. Na ƙara tsayawa ɗaya, na biya kuɗin wuta mai yawa dan yunit a caja mai sauri ya kusa ninka na gida, kuma abin da na rage bai fi 'yan mintuna ba. Ga faɗan da na sha daga kujerar gefe kyauta.

Ƙananan abubuwa: ka riƙe katin caji ko manhaja fiye da ɗaya dan wata rana ɗaya zata ƙi. Kar ka shirya isa caja da kashi 3, in ka tarar ta lalace ko da layi fa? Ka bar abin da zai kai ka ta gaba. Kuma in ka kai 80 akwai masu jira ka cire ka basu waje, wasu wuraren ma tara suke ci in ka daɗe.

Gudun fa?

Toh, ga inda matasa ke jira. Injin lantarki biyu gareta, ɗaya gaba ɗaya baya, na bayan ya fi ƙarfi, jimla ƙarfin doki 609. A kan sitiyari akwai jan maɓalli da aka rubuta NGB, wato N Grin Boost, in ka danna sai ta koma doki 650 na daƙiƙa 10. Daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa 3.4, ƙarshen gudunta 260. Motar da ke da wajen ɗaure kujerar jariri a baya da but mai lita 480 kenan fa. Ranar da na fara gwadawa sai da cikina ya juya, ba ƙara, ba jira, kawai ji zaka yi an manna ka da kujera kamar an hankaɗo ka daga baya.

Sai abin da na ɗauka shirme ne kafin in gwada, N e-Shift. Motar bata da giya irin ta mai, amma sun koya mata ta yi kamar tana da giya takwas, da ƙarar inji ta lasifika ciki da waje, da ɗan fizgar nan da kake ji in giya ta shiga, har in ka ƙi canzawa sai ta tsaya tana kuka a ƙarshen giyar kamar ta gaske. Ƙarya ce tsagwaronta amma tana da amfani, dan kunne yana gaya maka gudun da kake yi kafin ka shiga kwana, abin da shirun motar lantarki ke ɓoye maka. Sai dai ka sani in ka kunna shi motar ta ɗan fi jinkiri kan in ka barta a yadda take.

Yadda zaka more wannan ba tare da ka yi nadama ba: maɓallan N guda biyu na kan sitiyari ana iya saita su. Ni ɗaya na saita shi na iyali, totur mai laushi, ƙafafu masu laushi, ba ƙara. Ɗayan kuma nawa ne ni kaɗai. In yara na ciki Eco ko Normal kawai, kuma ka rage ƙarfin birkin da ke maida wuta batir zuwa mataki na 1 ko na 2 da faifan bayan sitiyari, dan in ka sa mai ƙarfi ƙafarka bata saba ba motar zata dinga dungure, na tsakiyan nan namu har amai ya taɓa yi min a kujera. Cikin gari kai kaɗai ka sa i-Pedal, ƙafa ɗaya ta ishe ka, kana ɗaga ta mota na tsayawa tana tara wuta. A babbar hanya kuwa ka barta ta gangara da kanta, ya fi tattali kan ka rage gudu ka sake ƙarawa.

In kana son ka ga iyakarta da gaske ka kai ta filin tsere, akwai ranakun da ake buɗe wa kowa, ba titin unguwa ba. Can akwai saitin shirya batir, Drag yana ɗumama shi dan fizga ɗaya mai ƙarfi, Track yana sanyaya shi dan ya jure zagaye da yawa, sannan Endurance yana ɗan rage ƙarfi dan wutar ta daɗe. Ka tabbata akwai caja mai sauri kusa dan a fili batirin nan narkewa yake kamar ƙanƙara a rana. Kuma ka tanadi kuɗin taya. Nauyi tan biyu da wannan ƙarfin, tayoyin Pirelli P Zero ɗin da take zuwa da su basa daɗewa a hannun mai zafin ƙafa, kuma ba araha garesu ba. Ka dinga duba iskar taya duk wata, taya mai ƙarancin iska tana cin wuta tana cin kanta. Faifan birkin gaba milimita 400 ne amma da yake injin ne ke yawan tsayar da motar basa aiki sosai, sai su fara tsatsa, dan haka lokaci lokaci ka samu hanya ba kowa ka taka birki da ɗan ƙarfi ya goge su.

Ga masu son kai ta gida

Wannan tambayar tana yawa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Motar lantarki ba baƙuwa bace a Najeriya, tun 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, kuma a 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Ta fuskar kuɗi kuwa lissafin yana da daɗi: a farashin wutar Band A na 2024, naira 209.5 kan yunit, cika batirin nan har da asarar caji bai kai naira dubu 20 ba, ka gwada da kuɗin man da zai yi maka kilomita 350. Amma kafin ka biya kuɗin jirgi ga abin da zaka duba.

Bakin caji. Wadda aka yi wa Turai bakinta CCS2 ne, ta Amurka daban, motocin da aka yi wa kasuwar Sin kuma GB/T. Basa shiga juna sai da adafta, kuma ba kowace adafta ce abin yarda ba. Ka san irin bakin da cajojin garinku ke da shi kafin ka zaɓi daga ina zaka sayo. Wutar gida ta Najeriya da Nijar irin ta Turai ce, wajen bolt 230 a layi ɗaya, wajen 400 a layi uku, dan haka ta Turai ta fi dacewa.

Wayarin gidanka. Kar ka ja doguwar waya ta naira dubu biyu daga falo, awa goma tana ɗauke da wannan nauyin gobara kake nema. Ka kira mai aikin wuta na ƙwarai ya ja mata layinta daban daga allon gida, waya mai kauri, da abin katse wuta nata, kuma ya kafa ƙarfen ƙasa mai kyau dan cajoji da yawa in basu ji an haɗa da ƙasa ba ƙin aiki suke yi. Ka sa abin kariya daga wuta mai hawa da sauka. Ƙaramin janareto bazai iya ba, babba zai iya amma kaga an koma gidan jiya, mai kake ƙonawa. Sola ce ta fi ma'ana, faranti na kilowat 5 a ranar arewa zai iya baka yunit 20 zuwa 25 a wuni, wajen kilomita 100 kenan na cikin gari, sai dai ka yi cajin da rana tsaka kai tsaye, kar ka ce da dare zaka zuƙe batiran inbata, zaka kashe su ne gida ya kwana a duhu.

Zafi. Esi baya cin wuta kamar yadda ake tsoro, kilowat ɗaya zuwa biyu ne in mota ta riga ta yi sanyi, gudu ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba, dan haka kar ka gasa iyalinka dan tattali. Abin da zafi ke cuta shine batirin da aka bari cike a rana. Watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ana haura digiri 40, ka nema mata inuwa, ka barta a 70 zuwa 80, kuma in ka dawo daga gudu ka bari ta huce kafin caji mai sauri in da hali.

Hanya kuwa, an sauke ta milimita 20 ƙasa da Ioniq 5 ta yau da kullum, batirin kuma a ƙasan motar yake shimfiɗe daga gaba zuwa baya. Tayoyin sirara ne a gefe, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma bata zuwa da safaya, ruwan liƙi da famfo kawai ake baka. In unguwarku sai an bi ta kwazazzabo da damina, gaskiya ka sayi Ioniq 5 ta talakawa mai ƙananan rim, ta fi nisan zango ta fi haƙuri. Ka kuma tambaya a rubuce ko garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000 da ake bayarwa a Turai zai bi motar in ta bar nahiyar, sannan ka san wanda zai taɓa maka ita, dan wutar bolt 800 ba ta bakaniken bakin titi bace, waya mai ruwan lemo a motar nan kisa take yi.

Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, da gudun babbar hanya da esi da kaya caji ɗaya bazai kai ka ba, kuma cajoji masu sauri har yanzu 'yan kaɗan ne, yawanci Legas da Abuja. Sai ka shirya tsayawa a Kaduna, wajen kilomita 190 daga Abuja, inda ka tabbatar tun kafin ka fito cewa akwai wuta mai layi uku da soket ɗin da ya dace da wayarka. Zaka iso da wajen kashi 35 zuwa 40, awa uku da rabi zuwa huɗu a kilowat 11 zasu kai ka kusan 85, wanda zai ishe ka ragowar 230 ɗin in ka riƙe 100 zuwa 110. Ka kira mai gidan da safe ka ji ko akwai wuta kafin ka loda yara.